Yayata Ce Ta Zana Hular Dogo

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata da hantsi Allah ya karɓi ran Yayata a ɗakinta da ke Jakara, tana da shekara tamanin. Bayan azahar muka kai ta makwancinta a gindin Goron Dutse.

Da muka dawo aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Mazan da suka cika wurin yawancinsu 'yan kasuwar Kurmi ne, abokan sana'ata masu sayar da huluna. Don ni suka zo, ita ba su san ta ba. Kowa ya durƙusa ya ce, "Alhaji Dogo, ya haƙuri?" in ce da godiya, ya shafa fatiha ya matsa. Wani dattijo da muka yi rumfa kusa da juna shekaru da dama ya so ya kwantar mini da hankali. Ya cire hularsa ya nuna mini.

"Ka ga wannan? Shekara goma sha biyar tana kaina, ko zare ɗaya bai tashi ba. Allah ya yi wa hannun da ya zana ta albarka, Alhaji."

Na ce amin. Ƙasar kabarinta tana jikin ƙafata ban wanke ba, na karɓi addu'ar nan kamar tawa ce.

Da la'asar na shiga cikin gida don in gaisa da mata. Ban taɓa ganin taro irin wannan a gidan ba. Tsakar gida ta cika, zaure ya cika, har an buɗe gidan maƙwabta. Sun zo daga Ƙofar Dawanau, sun zo daga Goron Dutse, wasu daga unguwannin bayan ganuwa da ban san Yaya tana da kowa a can ba. Wata tana kuka tana cewa, "Wa zai ce mini warware yanzu?" Wasu suka yi dariya cikin hawaye, don kowaccensu ta sha jin kalmar nan daga bakinta.

Ƙawarta ta ƙuruciya tana zaune a bakin ƙofar ɗakin, tsohuwa ce mai dogara sanda, bakinta bai taɓa jin tsoron kowa ba. Na durƙusa zan gaishe ta, ta riga ni.

"Dogo, an rufe ta?"

"An rufe, Hajiya."

"To sai ka sake jikinka. Mai ƙaryata ka ta tafi." Ta gyara zaman sandarta. "Ko da yake ita ba ta taɓa ƙaryata ka ba, Allah ya jiƙanta. Mu ne bakinmu ke ƙaiƙayi."

Babu wadda ta tambayi me take nufi. A lokacin na gane cewa duk macen da ke wurin ta san abin da mazan waje ba su sani ba. Hular nan da ake kira Dogo, wadda aka sa mata sunana, wadda na yi shekara arba'in da ɗoriya ina amsa yabonta, ba ni na zana ta ba. Yayata ce. Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan, duk da karatun bokona bai wuce aji huɗu ba. Ina so a san wadda ta rasu, a kuma san abin da na yi mata.

Kakanninmu daga Barno suka zo, suka zauna a Jakara tun kafin a haifi mahaifinmu. Shi ɗinkin babbar riga yake yi a zaure. Mahaifiyarmu ta rasu ina da shekara uku, Yaya kuma tara. Ita ta goya ni. Ita ke tauna mini nama, ita ke kai ni ƙofar makarantar allo ta tsaya har sai ta ji muryata a ciki sannan ta juya. Da aka zo ɗaukar yara elemantare ni aka kai, ita aka ce ta zauna ta kula da gida. Ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba, sai dai in na dawo ta karɓi littafina ta yi ta juya shi, ba rubutun take kallo ba, layukan da aka ja a ciki take bi da yatsa.

In mahaifinmu yana zana gaban riga, sai ta tsuguna a bayan ƙofa da gawayi tana kwaikwayonsa a ƙasa. Wata rana ya fito ya taka zanen, ya tsaya ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Wa ya yi wannan?" Ta ce ita ce. Ya girgiza kai ya ce, "Kash, da namiji ce ke." Yabo yake nufi, Allah ya jiƙansa. Ni kuwa ya yi shekara biyu yana koya mini ja layi, ya gaji ya ce in tafi kasuwa, bakina ya fi hannuna amfani.

Ga wanda bai san sana'ar ba, haka ake yin hula a birni. Namiji ne ke zana ƙirar a kan farin yadi da biro, a kasuwa ko a zaure. Sai dillaliya ta ɗauki yadin da zare ta kai wa matan da ke cikin gidaje. Su ne za su bi zanen da allura, ɗinki bayan ɗinki, wata hular ta ci wata guda. In an gama a kawo, a wanke da sitati, a buga, a jera a rumfa. Mai saye ya san mai rumfa, wani lokaci ya san mai zane. Wadda ta ɗinka babu mai tambayarta.

Da Yaya ta yi aure, malamin makarantar allo ta aura, nan cikin unguwa. Ta riƙa karɓar ɗinki kamar sauran mata, ni nake kai mata da kaina. Wata rana na je karɓa ta miƙo mini wata hula da ban ba ta zanenta ba. Layuka ne siraran gaske, suna shiga suna karyawa, su ratsa tsakanin ƙananan murabba'ai, in ka bi ɗaya da ido sai ya ɓace maka ya ɓullo ta wani gefen.

"Yaya, wa ya zana miki wannan?"

"Ka tuna ranar da Baba ya hau da mu Goron Dutse? Kai kana ta kukan ƙishirwa. Ni ƙasa nake kallo. Lungunan birni ne, haka suke in ka hango su daga sama. Lungu na sa mata suna. Ka duba da kyau, babu wanda ya toshe, kowanne yana da mafita."

Sau ɗaya ta hau dutsen nan a rayuwarta, tana yarinya. Shekara ashirin abin yana cikin kanta.

Washegari na ɗora hular a saman jeri. Kafin azahar wani ma'aikacin gwamnati ya tsaya, ya ɗauka, ya juya ta, ya ce, "Ban taɓa ganin irin wannan ba. Wa ya zana?" Maƙwabtan rumfata duk sun kasa kunne. Na san in na ce yayata ce, kafin la'asar za a fara cewa Dogo mace ke ci da shi. Na ce, "Ni ne." Kalma biyu. Ban yi shawara da kowa ba, ban ma yi da zuciyata ba.

Cikin shekara guda hular ta bazu. Ango ya sa, ɗan siyasa ya sa, fatake suka kai ta har ƙasashen maƙwabta. Ba a ce lungu ba, sai "ba ni Dogo mai ruwan toka", "akwai Dogo baƙa?" Dillaliya ce ta kai wa Yaya labari. Da na je, dariya na tarar tana yi.

"An ce ka zama mai zane? Kai da ko layin tuwo ba ka iya ja a miƙe ba?"

Na yi dariya ni ma, na ɗauka maganar ta wuce. Ta ci gaba da zana mini sababbi, ƙarami da babba, mai layi biyu, mai layi uku. Da hular nan na gina gida, da ita na sauke farali. Ita ma na kai ta Makka, kuma na daɗe ina gaya wa kaina cewa da wannan na sallame ta.

Gidanta kuwa ya zama makaranta ba tare da kowa ya sa masa suna ba. In an gama abincin rana mata su shigo da yadinsu, su zauna a inuwar rumfar kara. Allura kullum tana soke a ɗankwalinta, ko biki za ta sai an tuna mata ta cire. Ba ta faɗa, ba ta zagi. Za ta karɓi ɗinkinki ta shafa da babban yatsa, ta miƙo miki ta ce, "Warware ki sake, zaren bai gudu ba." Ko aikin kwana uku ne. Akwai wata daga Ƙofar Dawanau da mijinta ya kwanta ciwon shanyewar jiki, ta zo ba ta iya ko zura zare ba. Yaya ta zaunar da ita kusa da ita wata shida, in matar ta tafi gida sai Yaya ta ɗauki ɗinkin ta gyara wuraren da suka karkace, ta mayar inda ta ajiye, don kada dillaliya ta ƙi karɓa. A wajen makoki matar ta gaya mini ta daɗe da ganewa, ta yi shiru ne don ta ga Yaya ba ta so a sani.

Kuma ba ɗinki kaɗai ta koya musu ba. Ta ba su biro. Tana cewa, "Hannun da ya iya bin layi ya iya jan layi. Zana naki." Yau a birnin nan akwai mata masu zana hularsu da kansu, kuma da yawa in ka bi sawu a tsakar gidan nan za ka tsaya.

Rigimarmu ta zo ne a kan talbijin. An shirya wani shiri kan sana'o'in gargajiya, aka aiko mini cewa za a zo rumfa a ɗauke ni ina zana Dogo. Tun daga gida na naɗe hannuna na dama da bandeji. Da suka miƙo takarda da biro na ce targaɗe na yi. Sai na zauna na yi ta zuba, har na ce lungunan birni na hango daga Goron Dutse. Labarinta ma na ɗauke.

Ta gani a gidan maƙwabta, cikin matan da take koyarwa. Washegari na je karɓar huluna, na tarar ta ɗora ruwa a wuta.

"Kawo hannun."

"Wane hannu, Yaya?"

"Mai targaɗen. Ga ruwan zafi na dafa, in gasa maka."

Ta sauke tukunyar, ta zauna, ta daina murmushi.

"Ƙanena, ban ce ka kai ni talbijin ba. Ban ce ka raba rumfa da ni ba. Cewa za ka yi yayata ce. Ko sau ɗaya."

Na ce, "Haba Yaya, ke matar aure, matar malami. Sunanki ya riƙa yawo a bakin 'yan kasuwa? Me Malam zai ce?"

Ashe Malam yana zaure yana jin mu. Ya ɗaga murya ya ce, "Alhaji, kada ka sa ni a ciki. Ni ban taɓa hanawa ba. Matan da suka karantar da mutane a garin nan an san sunayensu, ban ji an ce mutuncinsu ya ragu ba."

Kunya ta kama ni, sai ta koma fushi. Na faɗi maganar da har yau in na tuna sai in ji ɗaci a bakina. Na ce, "In ba don ni ba wa zai san zanen nan? Mata nawa ke ɗinki a birnin nan, wa ya san su?"

Ta dube ni ta ce, "Shi ne ai."

Na kwashi huluna na fita, na yi shekara guda ban taka gidan ba. Ni ne mai laifi, ni ne kuma mai yaji. Duk da haka sallah biyu da suka zo a shekarar, tuwonta da miyar taushe sai da suka iso gidana.

Ita ta fara zuwa, kuma ba don kanta ba. 'Yata ta fari ta gama sakandare, ta samu gurbin karatun zanen gine-gine a jami'a, na ce ba za ta ba, aikin maza ne. Da safe ina karin kumallo sai ga sallamar Yaya. Ko zama ba ta yi ba, mayafinta ma ba ta sauke ba.

"Dogo, ni ka ɓoye ni a cikin hula, na haƙura. Wannan ba za ka ɓoye ta a ɗaki ba. Ina takardar da za ka sa wa hannu? Ko targaɗen bai warke ba?"

Matata ta toshe baki ta shige ɗaki. Na sa hannu.

Bayan shekaru, da yarinyar ta zana wani asibitin haihuwa, aka kafa allo a gaban ginin da sunayen masu aikin. Yaya ta ce sai an kai ta. Muka sa ta a mota. Ba ta iya karatun boko ba, ta ce a nuna mata wane layi ne. 'Yata ta nuna, ta karanta mata. Ta ce a sake. Aka sake. Ta miƙa hannu ta shafa haruffan kamar yadda take shafa ɗinki, ta ce, "Wannan ba sai an warware ba." A hanyar dawowa ba ta dube ni ba, ni ma ban ɗauko maganar hular ba. Dama ce Allah ya ba ni a ranar, na bari ta wuce.

A ƙarshen rayuwarta idanunta sun dushe. Amma in aka miƙa mata hula ta shafa, za ta gaya maka wadda ta ɗinka. Da aka fara shigo da na inji daga waje masu kwaikwayon zanenta, na kai mata ɗaya. Ta bi ta da yatsa ta yi tsaki. "Sun toshe lungunan. Wanda ya yi wannan bai taɓa zama a birni ba."

Wata guda kafin rasuwarta na je gaishe ta, na tarar ita kaɗai, jikin ya yi nauyi. Na zauna a ƙasa kusa da gadon. Na ce, "Yaya, ki yafe mini maganar hular nan."

"Na yafe tun tuni. Ni na goya ka, in ban yafe maka ba wa zan yafe wa?" Ta gyara kwanciya. "Amma Dogo, a ɗaki ka yi ƙaryar?"

"A'a. A kasuwa."

"To."

Na ce mata ranar Juma'a in an sauko daga masallaci zan tara 'yan layinmu na kasuwa in faɗa. Juma'a ta zo, na ce bari a wuce hidimar wani biki. Ta biyu, na ce shugaban layi ba ya gari. Ta uku da ta huɗu ko dalili ban nema ba. Ina da shekara saba'in da huɗu, jikoki sun cika gida, amma tsoron dariyar 'yan kasuwa bai sake ni ba. Ba ta sake tambayata ba. Ranar Talata aka kira ni a waya.

Ranar sadakar uku maza suka sake taruwa a ƙofar gida. Liman ya ɗaga hannu zai fara addu'a, na ce a dakata. Na miƙe. Na ce, "Jama'a, ina da magana, kuma na makara da ita. Hular da kuke kira Dogo ba ni na zana ba. Ban taɓa zana hula ba a rayuwata. Wadda muka binne shekaranjiya ita ta zana, ita da duk waɗanda suka biyo baya. Ƙarya na yi muku, ita kuma na danne mata haƙƙi."

Babu wanda ya yi dariya. Abin da na yi shekara arba'in ina gudu bai ko zo ba. Wasu suka sunkuyar da kai, wani ya ce, "Subhanallahi." Liman ya ce, "To Alhaji, tunda haka ne, faɗa mana sunanta, mu yi mata addu'a da shi."

Na buɗe baki sunan ya ƙi fita. Tun da na fara magana a duniya Yaya nake ce mata, ban taɓa kama sunanta ba, don a gidanmu ƙarami ba ya kiran sunan wadda ta goya shi. Ina tsaye, sai na ji muryar tsohuwar ƙawarta daga zaure, inda mata suka taru suna saurare.

"Faɗi mana, Dogo! Da ƙarfi, kunnena ba ya ji sosai."

Na faɗa. Ta ce ba ta ji ba. Na sake faɗa har na ƙarshen layi suka ji.

Na koma kasuwa bayan kwana bakwai. Mai saye na farko ya ce a ba shi Dogo mai ruwan ƙasa. Na ce masa sunanta lungu, kuma mace ce ta zana. Ya ce, "Ko wa ya zana dai, Baba, lamba ashirin da biyu nake so." Na san bakin kasuwa ba zai juya don ni ba, wataƙila har in mutu Dogo za a riƙa cewa. Zan dai ci gaba da gaya wa duk wanda ya tsaya a rumfata, ya saurara ko kada ya saurara. Ita da na yi wa alkawari ba ta ji ba, kuma wannan ba shi da gyara.

Shi ya sa na rubuta, don magana tana ɓacewa a kasuwa. Sunanta Falmata, 'yar mai ɗinkin riga ta Jakara. Ita ta zana, ni sayarwa kawai na yi.

Allah ya jiƙanta, ya haskaka kabarinta, ya yalwata mata shi, ya ba ta ladan kowane ɗinki da ta koyar. Ni kuma wanda ya karanta ya roƙa mini gafara.